Allura Ta Hau Ja

BABA: Salamu alaikum. Wa ke magana?

AUTA: Wa alaikumus salam. Baba, ni ce.

BABA: Ke wa? 'Ya'yana mata uku ne, kuma duk muryar uwarku kuka kwaso.

AUTA: Auta ce, Baba. Ina wuni?

BABA: A'a, Malama Auta. Lafiya lau. Ya makaranta? Ya ɗaliban naki?

AUTA: Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?

BABA: Jiki da sauƙi. Ya maigidan naki da 'yan jikokina?

AUTA: Duk suna lafiya, suna gaishe ka. Ya idon?

BABA: Ido yana nan inda kika bar shi. Haske da duhu nake rarrabewa, sauran kuwa sai dai a ba ni labari.

AUTA: Allah ya ƙara sauƙi. Ka sha maganin hawan jinin na rana?

BABA: Na sha. Goggonki ta tsaya a kaina kamar ɗan sanda sai da na haɗiye. Tun ran da aka kai uwarku asibiti gwaje-gwajen nan ƙanwar tawa ta tare a nan, ta hana ni gishiri, ta hana ni fita ƙofar gida.

AUTA: Tana kusa?

BABA: Ta leƙa gidanta, ta ce sai yamma lis. Ni kaɗai ne da rediyo, shi ma batir ya mutu. Ke kuma lafiya kika kira ni war haka? Ba a tashi makaranta ba ai.

AUTA: Lafiya lau. Dama... Baba, Tsohuwa ce ba lafiya.

BABA: Uwarku?

AUTA: A'a, a'a. Motar, Baba. Motarka da ka ba ni.

BABA: To ki riƙa faɗin magana da kanta mana. Me ya same ta?

AUTA: Zafi ta ɗauka. Allurar gwada zafin inji ta hau ja, sai tururi na ga yana fitowa ta gefen bonet. Na kira bakanikena sau uku wayarsa a kashe.

BABA: Sai da aka rasa na ƙwarai aka tuna da makaho. Shekara arba'in ina ƙarƙashin mota, yau ni ne na huɗu a layi.

AUTA: Haba Baba.

BABA: Wasa nake. Kin kashe ta?

AUTA: Na kashe. Na gangara gefen titi.

BABA: Madalla. Buɗe bonet, amma ki ja fuskarki baya. Kin buɗe?

AUTA: Ina zuwa... ya yi zafi. To, na tokare shi. Bari in buɗe murfin lagireton in zuba ruwa, akwai jarka a but.

BABA: Kar ki taɓa.

AUTA: Na'am?

BABA: Na ce kar ki taɓa murfin nan. Kin manta tabon da ke wuyan hannuna? Shi ne ya yi mini. Ruwan da ke ciki ya fi na tukunya zafi, kuma a matse yake, kina murɗawa fuskarki zai nema. Janye hannunki.

AUTA: Na janye. To yanzu minti nawa?

BABA: Sai ta huce. Ashirin, ko fiye.

AUTA: Ashirin? Baba, ba ni da ashirin.

BABA: Ba ke za ki ba ta ba, ita za ta ɗauka. Kafin nan mu nemo abin da ya kawo zafin, don zuba ruwa ba magani ba ne. Ba ni labari tun daga farko. A guje allurar ta hau, ko a tsaye?

AUTA: A gosulo. Na shiga cunkoso muka yi ta jan ƙafa kusan rabin awa, sai na ga ta fara hawa. Da hanya ta buɗe na taka, sai ta ɗan sauko. Na sake shiga bayan wasu manyan motoci, sai ta haye gaba ɗaya.

BABA: Ta hau a tsaye, ta sauko a guje. To, na ji. Riƙe wannan. Yaushe rabonki da duba ruwa?

AUTA: Shekaranjiya. A cike yake.

BABA: Da idonki kika gani, ko maigidan ne ya ce a cike yake?

AUTA: Da idona.

BABA: Durƙusa ki leƙa ƙarƙashinta. Akwai ɗiga?

AUTA: Akwai jiƙa kaɗan ta gefen 'yar robar nan da ruwa ke komawa ciki.

BABA: Wannan amai ne ta yi da ta tafasa. Ban da nan fa? Ƙarƙashin lagireto, ko tsakiyar inji?

AUTA: A bushe.

BABA: Bi tiyon sama da ido, babban nan baƙi, daga lagireto har inda ya shiga inji. Ya tsage? Ya kumbura?

AUTA: Ya me? Baba, ba na jin ka.

BABA: Na ce ya kumbura?

AUTA: A'a, lafiyarsa ƙalau. Babbar mota ce ta wuce.

BABA: Na ji ta. Ita ce ta uku tun da muka fara magana. Auta, yaushe aka fara bin titin makarantarku da tirela?

AUTA: Ba a makaranta nake ba. Na ɗan fita ne.

BABA: To. Duba fambel, baƙar igiyar robar nan da ke gaban inji. Danna shi da babban yatsa, a tsakiya.

AUTA: Yana nan, bai tsinke ba. Da ƙarfinsa.

BABA: Ke nan famfon ruwa yana samun juyi. Yanzu zaro sandar gwada baƙin mai. Mai kan rawaya. Goge ta da tsumma, ki mayar, ki sake zarowa. Wane launi?

AUTA: Baƙi-baƙi, kamar zuma mai duhu.

BABA: Ba fari a ciki? Bai yi kamar shayin da aka zuba wa madara ba?

AUTA: Babu.

BABA: Alhamdu lillahi. Da ya yi haka da gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, sai dai a jawo ta. Ba ki ga farin hayaƙi a salansa ba kafin ki tsaya?

AUTA: Ban lura ba. Hankalina ba ya wajen.

BABA: Yana ina?

AUTA: Baba, wani mai faci ne nan ya zo, ya ce wai in kwara wa injin ruwan sanyi a kai zai huce nan take.

BABA: Gaishe shi, ki ce ya koma kan tayarsa. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake yi.

AUTA: Na gode malam, a'a, bar shi... Ya ce kuma wai a cire wani abu, tamosta, wai duk haka ake yi.

BABA: Haka ake kashe motocin mutane. Ba a yanke wa mutum hanci don yana mura. Saurare ni. Mota in ta yi zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ta rasa. A guje hanya ke ba ta iska, a tsaye kuwa sai fanka. Shiga ki murɗa makulli zuwa inda fitilun gaba ke kamawa, kar ki tayar. Da zafin nan da take ciki, dole fanka ta tashi da kanta. Kawo wayar kusa da lagireto in ji.

AUTA: Na murɗa. Ga shi.

BABA: Shiru.

AUTA: Ba ta motsi.

BABA: Mun kama ɓarawon. Zare makullin gaba ɗaya, ki sa a jaka. Kin zare? Sa hannu a hankali ki juya fankar da yatsa.

AUTA: Ta ƙi. Kamar an riƙe ta... Tsaya. Leda ce, Baba. Baƙar leda ta nannaɗe a bayanta, har ta narke.

BABA: To ga shi nan. Ta shaƙe ta, ta yi ta yunƙuri har fis ɗin da ke ba ta wuta ya ƙone. Ciro ta duka, kar ki bar ko zare.

AUTA: Ina cirowa. Baba, in na cire zan iya tafiya?

BABA: Sai an canza fis, an zuba ruwa.

AUTA: Ba zan iya lallaɓawa haka ba? Hanya ta buɗe yanzu, kai ka ce a guje tana hucewa. Awa ɗaya ce kawai ta rage mini in isa asibi... in isa.

BABA: Ƙarasa.

AUTA: Ba komai, Baba.

BABA: Kin ce asibiti.

AUTA: Dubiya ce kawai. Na ce bari in je in ga Mama.

BABA: Ranar aiki, da tsakar rana, kin bar aji. Gosulon da kika ce, na mararrabar garinmu ne, inda kasuwa ke cin titi. Kin wuce hanyar gidan ubanki da minti goma ba ki tsaya ba. Haka ne?

AUTA: Haka ne.

BABA: Wa ya kira ki?

AUTA: Yaya.

BABA: Me ya ce?

AUTA: Baba, ya ce kar a gaya maka. Likita ya ce jininka...

BABA: Jinina nawa ne. Me yayanku ya ce?

AUTA: Ya ce in taho yanzu. Ya ce tun safe ba ta buɗe ido ba, kuma numfashin ya canza. Yayyena su Anti duk suna can, ni kaɗai na rage.

BABA: To.

AUTA: Baba?

BABA: Ina jin ki. Kin gama cire ledar?

AUTA: Baba, ka yi haƙuri. Ba gwaji ba ne. Tun watan jiya aka ga abin a hanta, ya riga ya bazu. Ita ta ce kar a faɗa maka. Wallahi ita ta sa mu yi alkawari.

BABA: Na sani.

AUTA: Ka sani? Goggo ce ta...

BABA: Ba wanda ya gaya mini. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni da ba na ganin fuska, murya nake tambaya. Yayanku kullum in ya kira sai ya ce "jiki da sauƙi" da sauri-sauri, kamar mai tsallake kwata. Ni da nake gane ciwon mota da jin ƙararta tun daga ƙofar gareji, muryar ɗana ce za ta ɓace mini?

AUTA: Me ya sa ba ka ce komai ba?

BABA: Daren da za su tafi da safe, ta zaunar da ni ta kama hannuna tana ɗora shi a kan kwalaben magani. Ta ɗaura wa kowace zare a wuya. Ƙulli ɗaya na safe, biyu na rana, uku na dare. Ta kai hannuna inda ta jera riguna, ta ce masu kauri suna hagu. Ta nuna mini inda takardun gida suke. Wanda zai je gwajin kwana uku ba ya nuna takardun gida.

AUTA: Wayyo Mama.

BABA: Na ga tana so in yarda, sai na yarda. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa roƙona in yi wauta ba sai ran nan. Na ce wannan kam zan iya yi mata.

AUTA: Baba, ka yafe mana.

BABA: Kar ki ce komai. Share hawayen, ba a ganin fis da jiƙaƙƙen ido. Ledar ta fita?

AUTA: Ta fita. Fankar tana juyawa da yatsa yanzu.

BABA: Ba ta kartar komai?

AUTA: A'a, sumul.

BABA: Kusa da batir akwai baƙin akwati, kamar na sabulu. Danna kunnuwansa biyu ki ɗaga murfin. Za ki ga fis jere masu launi-launi. Layin da ke kusa da ke, na biyu daga dama, kore ne.

AUTA: Na gan shi. Ya aka yi ka tuna?

BABA: Shekara goma sha tara tana hannuna. Zaro shi, ki ɗaga shi sama wajen haske. Akwai siririyar waya a ciki.

AUTA: Ta tsinke. Har ya yi baƙi.

BABA: Shiga mota, buɗe aljihun gaba. Can ƙurya, bayan takardu, akwai gwangwanin alawa mai zagaye, in dai ba ki zubar ba.

AUTA: Yana nan. Kullum ina ganinsa, ban taɓa buɗewa ba.

BABA: Buɗe.

AUTA: Fis ne cike. Da kuma... Baba, zare da maɓallai ne a ƙasa.

BABA: Na uwarku ne. Gwangwanin ɗinkinta ne, na sace. Wata guda tana nemansa, har ta zargi yayarki. Ban taɓa amsa laifin ba.

AUTA: Kai Baba.

BABA: Ɗauki kore, irin wanda kika cire. Kar ki sa ja, kar ki sa shuɗi. Danna shi har ya zauna. Sai ki mayar da makulli ki murɗa kamar ɗazu.

AUTA: Na sa. Bari in... Baba, ta tashi. Tana juyawa.

BABA: Kawo wayar. Ƙara matsowa. Yauwa. Muryarta lafiya lau. Bar ta ta yi ta fifita, za ta rage miki jira. Naɗa tsumma a hannu ki matsa tiyon sama. Da tauri?

AUTA: Da tauri har yanzu, kamar taya.

BABA: Da saura. Sai ya yi laushi.

AUTA: Yaya yana kira a ɗaya layin.

BABA: Ɗaga mana.

AUTA: A'a. Tambaya zai yi ina nake, kuma in na ce ina gefen titi faɗa zai yi. Tun fitowata ya ce in hau ta haya, na ƙi. Ya katse ma.

BABA: Auta.

AUTA: Na'am, Baba.

BABA: Minti goma ne tsakaninmu. Da kin juyo...

AUTA: In zo in ɗauke ka? Zan zo. Wallahi zan zo, ko Yaya zai yi fushi.

BABA: Goma zuwa, goma komawa, ga gosulo sau biyu. Ga ni kuma sai an nemo mini takalmi, an kama hannuna an sauko da ni matakala. Awa guda ke nan na ci miki.

AUTA: Ba komai.

BABA: Da komai. A'a, bar shi. Wuce abinki. Ni ko na je ba ganinta zan yi ba, ke kuwa za ki gan ta. In kin isa ki kira ni, ki kara mata wayar a kunne. An ce kunne ne ƙarshen tafiya.

AUTA: To me za ka ce mata?

BABA: Ke ina ruwanki? Tsakanina da ita ne.

AUTA: Yi haƙuri.

BABA: Kin san abin da na ce mata da za su fita? Tana bakin ƙofa, ina jin yayanku yana ɗaukar jaka. Ta ce, "Malam, mun tafi." Ta tsaya. Na ji ta tsaya, ba ta motsa ba. Ni kuma don kar ta gane na gane, sai na ce, "In za ki dawo ki sayo mini batirin rediyo, manya guda biyu." Ta ce to. Shi ke nan. Abin da na sallame ta da shi ke nan.

AUTA: Ta gane, Baba. Mama ta san ka.

BABA: Ta sani. Amma akwai maganar da sani ba ya isar mata, sai an faɗa. Lokacin da gareji ya ƙone, ke ba a haife ki ba, wata bakwai da keken ɗinkinta muka ci abinci. In abokaina suka zo sai ta miƙo mini kuɗin cefane ta bayan labule, don in ba ta a gabansu. Ban taɓa ce mata na gode ba. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace.

AUTA: Za ka faɗa mata yau, in sha Allahu.

BABA: Allah ya sa. Matsa tiyon.

AUTA: Ya yi laushi.

BABA: Sosai? Yana lotsawa?

AUTA: Yana lotsawa.

BABA: Kashe makulli. Ninka tsumman biyu ki rufe murfin da shi. Tsaya daga gefe, ki miƙa hannu. Murɗa kaɗan kawai, har ki ji ya yi tsaki, sai ki dakata.

AUTA: Ya yi. Ya daina.

BABA: Yanzu danna ki ƙarasa. Me kika gani a ciki?

AUTA: Ba na ganin ruwa. Ƙarfe kawai.

BABA: Ta zubar da kamar kwalba biyu. Tayar da injin tukuna, sannan ki zuba, don ruwan ya riƙa gauraya. A hankali, siriri, kamar kina zuba wa jariri.

AUTA: Ta tashi. Ina zubawa.

BABA: Ina jin ta. Ba ta rawa, ba ta tari. Ba ki yi mata illa ba, kin tsaya da wuri. Akwai kumfa yana ta tasowa?

AUTA: Ya ɗan yi sau biyu, ya tsaya.

BABA: Iska ce ta fita. Da ya ci gaba da ɓulɓulowa da na damu. Cika har wuya, ki zuba a 'yar robar ma zuwa layi. Rufe da kyau. Allurar tana ina?

AUTA: Bari in leƙa. Ta sauko tsakiya, ƙasa da tsakiya ma kaɗan.

BABA: Nan ne gidanta. To saurara. Kar ki kunna sanyi. Ido ɗaya a titi, ɗaya a allura. In kin ga ta fara hawa, buɗe gilasai ki kunna hita har ƙarshe, za ta ja zafin ta kawo miki ciki. Za ki yi gumi amma za ki isa. Kuma kar ki ce za ki rama lokacin da kika ɓata, sauri ya haifi nawa. Kin ji?

AUTA: Na ji. Bari in sauke bonet in... tsaya, saƙo ya shigo.

BABA: Daga wa?

AUTA: Yaya.

BABA: To.

AUTA: Ya ce... ya ce...

BABA: Auta? Layin ne, ko ke ce?

AUTA: Ni ce.

BABA: Karanta mini.

AUTA: Baba...

BABA: Karanta mini yadda ya rubuta. Kar ki gyara.

AUTA: Ya ce, "Na kira ba ki ɗaga ba. Mama ta cika, ƙarfe uku da minti goma. Ki tuƙa a hankali. Kar ki gaya wa Baba tukuna, zan zo da kaina."

BABA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

AUTA: Inna lillahi... Baba, da na ɗaga. Da na ɗaga ɗazu.

BABA: Ƙarfe nawa yanzu?

AUTA: Uku da rabi.

BABA: To ko kin ɗaga, labarin ɗaya ne. Lokacin nan muna kan ledar. Ko motar ba ta tsaya ba, da kina hanya. Kar ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba. Allah ya jiƙanta. Allah ya jiƙanki, baiwar Allah. Allah ya sa kin huta.

AUTA: Amin. Baba, kana zaune? Zauna, don Allah.

BABA: A zaune nake. A gefen gadonta ma.

AUTA: Kanka ba ya juyawa? Ƙirjin fa?

BABA: Ba abin da ke juyawa. Ke dai kashe motar.

AUTA: In kashe?

BABA: Kashe. Ba sauran sauri. Shiga ki zauna, ki rufe ƙofa, ki yi kukanki ya ishe ki. Ba a tuƙi ana kuka.

AUTA: Na kashe.

BABA: Tana da kowa a kusa, ko?

AUTA: Duk suna nan. Yaya, da su Anti.

BABA: To ba ta tafi ita kaɗai ba. Alhamdu lillahi. Ta tsani zama ita kaɗai, ko wanke-wanke take sai ta jawo mutum da hira.

AUTA: Bari in kira Goggo ta dawo maka.

BABA: Bar ta tukuna. In ta ji, kururuwa za ta yi tun daga bakin layi, gidan nan ya cika kafin in san inda kaina yake. Ina son ɗan shirun nan.

AUTA: Ba zan bar ka kai kaɗai ba. Juyowa zan yi.

BABA: To juyo. In kin huce. Ki zo ki ɗauke ni mu je tare, kafin yayanku ya kama hanya a banza. Ki gaya masa na ji, kuma ban faɗi ba. Ki ce ba laifinki ba ne, ni na tatsa.

AUTA: Zan gaya masa.

BABA: In kin zo ki duba mini riga. Akwai wata fara da ta ce mini ita ce ta fita kunya, amma a hannu duk ɗaya nake jin su.

AUTA: Zan duba. Na tayar, Baba. Ga ni nan.

BABA: Tun yanzu? Kukan ya tsaya?

AUTA: Ya tsaya. Gara ina tafiya.

BABA: Duba madubi kafin ki juya, manyan motocin nan ba sa ganin mutum. Kuma Auta, kar ki kashe wayar. Ajiye ta a kujerar gefe.

AUTA: Kana so ka ji ko fankar za ta tashi a gosulo?

BABA: E. Wannan ma. Ɗakin ne ya yi shiru da yawa.

AUTA: To, Baba. Amma ta yi ƙara yanzu, katin ya kusa ƙarewa. In ta yanke kai ka kira ni, ka ji?

BABA: Ni in kira? Ai ɗagawa kawai na iya, maɓalli ɗaya ne. Lambobin ba na ganinsu. In zan kira ku, uwarku ce take latsa mi—